Hotunan Hamma Joda Guda Huɗu

Litinin, 3 ga Nuwamba 2014, ƙarfe 7:15 na safe

Na sayi wannan littafi ne don in riƙa rubuta shirye-shiryen tafiya bautar ƙasa. Ba shi zan rubuta ba yanzu.

Ga abin da na tabbatar. Yayana Hamma Joda yana koyar da zane a Mubi, shekara uku ke nan. Ya kira ni ranar Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe 9:42 na safe. Kiran ya ɗauki minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Ko gaisawa ba mu yi ba. Ya ce, “Zulai, buɗe imel ɗina, kin san lambar sirrin. Masu hotunan nan suna jira. Ki ce musu auduga, ba mai sheƙi ba. In sun iso kar kowa ya sa musu hannu sai na dawo.” Na ce, “Hamma, ƙarar mece ce nake ji?” Ya ce, “Ki gaida Dada.”

A ranar ne aka ce 'yan bindiga sun shiga Mubi. Tun daga nan wayarsa a kashe take. Na kira sau 61.

Dada, mahaifiyarmu, ta tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce a gaishe ta.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 3:40 na yamma

Daga Tumfure zuwa shagon kwamfuta na cikin gari na yi awa ɗaya da minti goma a keke mai ƙafa uku. A da minti talatin ne. Tun bam ɗin da ya tashi a tasha ranar Juma'a, ko'ina shinge.

Na karanta duk wasiƙun. Tun watan Agusta Hamma yake magana da wani gidan buga hotuna a Turai, mai amsa masa sunansa Bernard. Hotuna huɗu ya saya, ya riga ya biya. Na wani mai zane ne da ya rasu kafin yaƙin duniya na farko. Asalinsu bugun dutse ne: mai zanen yakan zana da alli mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a shafa tawada, a danna takarda. Na asalin suna gidan tarihi. Waɗannan kwafi ne da ake yi da tawada da takarda masu daɗewa. Hamma yana kiran irin waɗannan mutane masu zanen mafarki, domin ba abin da ido ya gani suke zanawa ba. A wata wasiƙa ya rubuta cewa ɗalibansa ba su taɓa ganin baƙi na gaske ba, sai na fuskar waya.

Abu ɗaya ya rage, a zaɓi takarda. Akwai mai sheƙi, akwai ta auduga zalla marar asid. Wannan kam fannina ne, adana littattafai da takardu na karanta. Asid shi ke sa tsohuwar jarida ta yi ja ta riƙa karyewa. Ta auduga, in an kare ta daga rana da danshi da hannu, sun ce za ta wuce shekara ɗari.

Na rubuta: auduga. Na sa sunana a ƙasa, na ce ni ƙanwarsa ce, shi yana kan hanya.

Gidanmu ba shi da lamba, don haka na ba su adireshin shagon Oga Onwuka mai gilashi da firam.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 1:05 na rana

Na je na faɗa wa Oga Onwuka. A nan Gombe aka haife shi, shi ne kuma ya yi wa zanen Hamma na farko firam tun Hamma yana sakandare.

Ya ce, “Wato yayanki ya mai da shagona gidan waya? Bara littafi, bana hoto. Baɗi mata zai yi oda, a kawo min ita in ajiye.”

Matarsa Ugoma tana ƙofar ciki tana gyaran wake. Ta ce, “Kai dai ka ajiye kanka tukuna. Zulai, gaya masa. Shagon gilashi a wannan zamani! Ranar Juma'a guda tara suka fashe daga girgiza kawai.”

“Bakwai,” in ji shi.

“Na share da hannuna, tara ne. Ni dai kafin Kirsimeti zan kwashe yarana mu tafi gida.”

“Nan ne gida, Maman Ify.”

Sai ya juyo ya ce, “Ina mutumina? Ya fito?” Na ce bai kira ba tukuna. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge wani gilashi da babu komai a jikinsa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 6:50 na safe

Sau 104. A kashe.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 5:20 na yamma

Dada ta soma zuwa Bagadaza kullum, gidan Goggo Safiyyatu, ƙanwar babanmu. A layinsu gidaje uku sun sauki mutanen da suka fito daga Mubi. Tana tafiya da hoton Hamma na ranar gama makaranta. Ta kai an yi masa laminetin kafin ta fara, kamar yadda take yi wa kowace takarda mai muhimmanci tun shekarar da ruwa ya shiga ɗaki ya cinye takardar filin Baba. Takardar haihuwata, sakamakon jarrabawata, katin asibitinta, duk a manne suke cikin leda. Na sha gaya mata ba kyau. Takan ce, “Boko ya ce ba kyau, ruwa ya ce da kyau.”

Yau wata mata ta duba hoton ta ce kamar ta san shi. Da aka bi diddigi, wani mai sayar da magani take nufi.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 11:30 na safe

Bernard ya aiko da lambar bin sawun kaya. Na sa ta a kwamfuta. Kwalin ya sauka Legas ƙarfe 4:12 na asuba. Nauyinsa gram 900.

Kwali yana da lamba.

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 12:10 na rana

Abuja. An rubuta “an tsayar” ba tare da dalili ba. Na duba sau uku. Mai shagon ya ce, “Anti, ko kin zauna nan ba zai motsa ba.”

An ce sojoji sun karɓe Mubi. An ce mutane na komawa duba gidajensu. Na kira abokan aikinsa huɗu da nake da lambarsu. Uku a kashe. Ɗaya ta yi ringin har ta katse.

Laraba, 19 ga Nuwamba, ƙarfe 8:00 na safe

Ba na cin abinci sosai. Dada ma haka. Kowaccenmu tana zuba wa ɗayar da yawa.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe 4:55 na yamma

Hotunan sun iso. Zan rubuta a jere.

Oga Onwuka ya kira ƙarfe 10:20. Kwalin dogo ne kamar bututu, tsawonsa santimita 50, da marfin roba gaba da baya. Da ya miƙo min, Ugoma ta ce, “Haka za ki ratsa gari da wannan? Da hijabi?” Ban gane ba a lokacin. Ta so in buɗe in bar bututun a shago, ni kuma na ƙi, domin babu abin da zan sa takardun a ciki.

A keke mu uku ne a baya. Matar da ke kusa da ni ta dubi cinyata, ta dubi fuskata, ta ce wa direba ta iso. Ba ta iso ba, a gaban gidan mai ta sauka.

A shingen da ke kan hanyar Tumfure soja ya hango. Ban taɓa jin an yi min irin wannan tsawa ba. Kafin in sauka direba da ɗayan fasinjan sun yi nisa. Aka ce in tafi tsakiyar fili, in durƙusa, in buɗe da kaina. Su biyu ne, kuma ba zan rubuta inda suka nuna abin hannunsu ba.

Na cire marfi. Aka ce in zazzage a ƙasa. Na ce ba zan iya ba, takarda ce, ƙasa za ta ɓata ta. Muryata ce ta faɗa, ni ban san na yi niyya ba. Na naɗe yatsuna da gefen hijabi na zaro su, na warware na sama na ɗaga.

Ɗayan ya matso. Ba zai wuce sa'ana ba. Ya daɗe yana kallo. Hoton rijiya ne, wata ya faɗa ciki, mace tana leƙe gashinta ya sauka har ruwan. Da Hausarsa ta bariki ya ce, “Wa ya mutu?”

Na ce ba wanda ya mutu.

Ya ce in tafi. Kusurwar takardar ta ɗan lanƙwashe, kamar santimita ɗaya. Ni na yi, ba shi ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, ƙarfe 9:30 na safe

Na shimfiɗa su tun jiya a kan teburin Hamma, na sa farar takardar da suka zo da ita a tsakani, na danne da littattafansa. Yau sun miƙe. Kowacce santimita 35 da 45, da farin gefe mai faɗi, da hatimin gidan bugun a ƙasa.

Na ɗaya rijiyar. Na biyu ƙofa a tsaye a tsakiyar gona, babu bango, doki yana jira a gabanta. Na uku tsuntsu da mabuɗi a baki, a ƙarƙashinsa rufin gidaje cikin ambaliya. Na huɗu mutum ya juya baya, ruwa ya kai masa gwiwa, fitila a hannun hagu.

Gaskiyar Hamma ce game da baƙin. Kamar za ka zura hannu ciki.

Goggo Safiyyatu ta zo gani. Ta ce, “Duk wannan tafiya daga Turai, ko ɗan ja ba su sa musu ba? Cutar yaron nan suka yi. Kuma dai kar a rataye su inda ake salla.” Na ce ba za a rataye ba.

Dada ta bi su da kallo har ta kai na huɗu. Ta miƙa hannu. Na riƙe mata wuyan hannu kafin ya kai. Na ce, “Dada, hannu yana da maiƙo, yana barin tabo. Hamma ya ce kar a taɓa.”

Ta ce, “Ƙeyarsa ce.”

Goggo ta leƙa ta ce, “Wallahi kuwa, har kunnen.”

An zana shi a 1894. Na faɗa musu.

Asabar, 29 ga Nuwamba, ƙarfe 7:40 na safe

Kullum bayan sallar asuba, in gari ya waye, Dada takan tsaya a ƙofar ɗakin Hamma. Sai in sa farar safar hannu, in rufe labule, in ɗaga takardar sama. Takan haɗa hannayenta a baya. Minti biyu nake ba ta.

Na san yadda wannan yake in an karanta. Amma abu ɗaya Hamma ya ce in yi.

Talata, 2 ga Disamba, ƙarfe 6:10 na yamma

Na daina rubuta adadin kiran. Ban daina kira ba.

Litinin, 8 ga Disamba, ƙarfe 5:35 na yamma

Na fita ƙarfe 8:00 zuwa ofishin masu rubuta sunayen waɗanda ake nema. Layi ya yi tsawo. Na dawo ƙarfe 2:15. Na wanke hannu, na shiga duba hotunan. Uku ne.

Dada tana tsakar gida a kan tabarma, na huɗun a cinyarta. Yana ƙyalli.

Ta kai shi shagon da ke bakin titi. Bai shiga injinsu ba, sai suka yanke gefe da almakashi. Hatimin ya tafi. Takardar ta yi wa injin kauri, iska ta kumbura a kusurwa biyu. Baƙin nan ya koma kamar na kalanda.

Abin da na faɗa mata ba zan rubuta ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai yau, har maƙwabta suka leƙo.

Ta bari na gama. Ta ce, “Kin ce hannu ke ɓata shi. Yanzu hannu ba ya kaiwa gare shi.”

Na ce, “Dada, zafin injin da gam ɗin sun fi hannu dubu.”

Ta ce, “Ni ban san wannan ba. Na san wata ɗaya da kwana tara ban taɓa ɗana ba.”

Na lissafa. Kwana arba'in ne daga kiran. Amma tun hutun babbar salla bai zo gida ba, don haka ya fi haka. Ban gyara mata ba.

Talata, 9 ga Disamba, ƙarfe 7:00 na safe

Mun gaisa. Shi ke nan.

Me zan ce masa? Huɗu ya bar min.

Laraba, 10 ga Disamba, ƙarfe 2:45 na rana

Na rubuta wa Bernard. Na ce an yi wa hoto na huɗu laminetin mai zafi bisa kuskure, ko akwai hanyar cirewa. Ban ce wa ya yi ba.

Daga nan na je wurin Oga Onwuka. Rabin shagon yana cikin kwalaye. Ya ce ba tafiya ba ce, kai yara ne kawai. Ugoma ta ce, “Har da injin yankan gilashi, shi ma yaro ne.”

Na tambaye shi ko ana ɓare ledar. Ya girgiza kai. “Malama Zulai, in kin ja, baƙin zai bi ledar, farar takarda za ta rage miki. Na gwada da takardar aurena.”

“Shi ya sa yake cewa ba shi da aure,” in ji Ugoma.

Na yi dariya, sai dariyar ta juya. Ugoma ta jawo min kujera ta tsaya a kaina. Can ta ce, “Ina Dada take ajiye shi?” Na ce a jakarta, duk inda za ta. Har ƙarƙashin matashi. Ta ce, “To.”

Oga Onwuka ya ce in kawo sauran ukun kafin ya rufe. Zai sa farin kwali marar asid tsakanin hoto da gilashi, yadda Hamma ya koya masa. Ya ce saura guda uku cif a cikin waɗanda Hamma ya sa ya sayo daga Legas bara.

Asabar, 13 ga Disamba, ƙarfe 4:20 na yamma

Na kai su a tsakanin katako biyu masu faɗi, ba bututu. Ba wanda ya dube ni.

Litinin, 15 ga Disamba, ƙarfe 6:05 na yamma

Lambar nan da ta taɓa yin ringin ta kira ni. Malam Bamanga ne, tare suke koyarwa. Ya shigo Gombe jiya daga Yola, kafin nan Kamaru. Ya ce in same shi a gidan wansa a Barunde, ni kaɗai.

Ya rame. Takalmin ƙafarsa ba nasa ba ne.

Ga abin da ya ce, yadda ya faɗa. Sun fito tare ranar Laraba da ƙafa, su da ɗalibai goma sha ɗaya. Sun kwana biyu a daji. Ranar Juma'a da hantsi suka kai wani rafi kusa da iyaka. Hamma lafiyarsa ƙalau, yana tafiya da ƙafarsa, har yana tsokanar masu tsoron ruwa. Da suka haye aka ƙirga, tara. Mata biyu sun tsaya a baya, ɗaya ƙafarta ta kumbura.

Na ce, “Sai me?”

Ya ce, “Sai ya ba ni jakarsa, ya koma ruwan.”

Sun jira har la'asar. Jakar ta ɓace a sansani. Ya ba ni haƙuri a kan jakar sau uku.

Na tambaye shi zurfin ruwan. Ban san dalili ba. Ya nuna cinyarsa.

Talata, 16 ga Disamba, ƙarfe 8:25 na safe

Na gaya wa Dada an ga Hamma ranar Juma'a, 31 ga Oktoba, a bakin iyaka, lafiyarsa ƙalau, yana tafiya da ƙafarsa.

Duk gaskiya ne.

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ba ta tambayi ko wace hanya ya fuskanta ba. Ta ɗauko hoton daga jaka ta ɗora tafin hannunta a kan bayan mutumin, ta ci gaba da jan carbi da ɗayan.

Na zauna kusa da ita. Na ce, “Dada, ki yafe min maganar ran nan.” Ta ce, “Matsa, kin tare min haske.” Amma da na yunƙura ta riƙe min zane.

Alhamis, 18 ga Disamba, ƙarfe 12:50 na rana

Na karɓo ukun. Oga Onwuka ya yi aiki mai kyau, na duba kowace kusurwa. Ya naɗe su da bargo ya ce in dawo masa da bargon a watan Janairu. Ugoma ta ce, “Riƙe shi, Zulai.” Gobe da sassafe motarsu za ta tashi.

Suna ɗakin Hamma, a jingine, fuskarsu na kallon bango saboda rana.

Juma'a, 19 ga Disamba, ƙarfe 11:15 na safe

Bernard ya amsa. Ba a cirewa. Ya ce gam ɗin ya riga ya shiga zaren audugar, cikin shekara goma zuwa goma sha biyar zai yi ja, ledar ta soma rabuwa. Ya ce ya nemi sunan garin da ɗan'uwana yake koyarwa, ya ga labarai, ba zai yi min tambaya ba. In na tabbatar musu hoton ya lalace, za su buga wani su aiko kyauta, ya zama huɗu kamar yadda aka saya. Kalma ɗaya kawai suke buƙata daga gare ni.

Na zauna minti ashirin da biyar. Na tuna inda na bar shi da safe: a kan tabarma, kusa da kwanon fura, da sawun yatsun Dada ko'ina a jikin ledar, ya fi yawa wajen kafaɗa. Wani sabo in ya zo, bayan gilashi zai shiga, ya kalli bango tare da 'yan'uwansa.

Na rubuta masa na gode. Na ce kada su aiko. Na ce hoton bai lalace ba, ana amfani da shi.

Na karanta sau biyu kafin in tura, don in tabbatar babu ƙarya a ciki.